Lambar Zane a Jikin Kaya da Makaho Mai Saye

Kafin masana'antu su mamaye abin da mutane ke ci da sha, hannu da hanci da kunne sun ishi makaho ya gane yawancin abin da ke cikin ɗakin girkinsa, domin ƙwayar gero ba ta yi kama da ta dawa a tafin hannu ba, ƙanshin manja kuma daban yake da na man gyaɗa. Gwangwani da kwali da kwalbar roba su ne suka sauya lamarin, saboda sun rufe kayan ruf, sun daidaita siffarsu, sa'annan suka mayar da duk wani bayani a kansu zuwa rubutun da ido kaɗai ke iya ɗauka. Gwangwanin wake da na abarba suna iya zama girma ɗaya da nauyi ɗaya, kwalbar maganin tari da ta maganin shafawa suna iya fitowa daga ƙira ɗaya, kuma wanda ba ya gani ba shi da abin yi sai ya jira mai ido ya zo, ko ya buɗe ya ɗanɗana, wanda a wasu kayan ganganci ne da rai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa aƙalla mutum biliyan 2.2 ne ke da wata matsalar gani, yayin da masu bincike suka ƙiyasta cewa makafi a duniya sun kai kusan miliyan 43 a shekarar 2020, saboda haka batun ya shafi jama'a mai yawa, kuma ya shafe su a al'amarin da ake maimaitawa kullum, wato ci da sha da shan magani.

Hanyar da aka fara tunani ita ce rubutun makafi da Louis Braille ya ƙirƙiro a Faransa a ƙarni na 19, wanda ake karantawa da yatsa ta hanyar shafa ɗigo-ɗigo masu tudu. Tarayyar Turai ta wajabta tun daga 2005 a rubuta sunan magani da wannan rubutu a jikin kwalinsa, kuma hakan ya yi amfani, sai dai rubutun yana cin wuri sosai, ta yadda da kyar kwali ke ɗaukar abin da ya wuce suna da ƙarfin maganin. Bayan haka, kaɗan ne daga cikin makafi suka iya karanta shi, domin akasarin masu rasa gani da girmansu suke rasa shi, bayan shekarun makaranta sun wuce, wasunsu ma ciwon suga ne ya taɓa idon, shi ne kuma yake dusashe jin da ke kan yatsun da za a yi karatun da su. Wannan giɓi ne ya sa masu ƙera kayan taimako suka waiwayi wata alama wadda ta riga ta kasance a jikin kusan kowane kayan kanti, wato jerin layukan nan baƙaƙe da farare da ake kira bakod, ko lambar zane.

Ba domin makafi aka yi lambar zane ba, kuma yawancin ƙarfinta da rauninta a wannan aiki daga asalinta suka samo tushe. Norman Joseph Woodland da Bernard Silver ne suka nemi rajistar fasahar a Amurka a 1949, aka ba su a 1952, amma ta daɗe ba ta shiga kasuwa ba saboda na'urorin karanta ta ba su kai ga nuna ba. A 1973 ne 'yan kasuwar kayan masarufi na Amurka suka amince da tsarin da George Laurer na kamfanin IBM ya zana, wanda ake kira UPC, kuma a ranar 26 ga Yuni 1974 aka sayar da kaya na farko ta wannan hanya, wato ƙunshin cingam na Wrigley, a wani kanti da ke garin Troy na jihar Ohayo. Turai ta biyo baya da nata tsarin mai alƙalumma 13, wanda ake kira EAN, daga baya kuma ƙungiyoyin da ke riƙe da tsarin biyu suka haɗe a ƙarƙashin suna GS1 a 2005, ita ce kuma ke kula da rabon lambobin a duniya har yau. Manufar duk wannan aiki ita ce a rage layi a gaban mai karɓar kuɗi, a kuma sauƙaƙa wa mai kanti lissafin abin da ya shigo da abin da ya fita.

Abin da layukan ke ɗauke da shi lamba ce tsagwaronta. Kowane alƙalami ana wakiltarsa da layi baƙi biyu da fili fari biyu masu faɗi daban-daban, an kuma tsara rabin hagu da rabin dama ta hanyoyi mabambanta, ta yadda na'ura za ta gane ko a juye aka nuna mata kayan, wanda wannan sauƙi ne babba ga wanda bai san ina ne saman kwali ba. Alƙalumman farko suna nuna reshen GS1 da ya ba da lambar, misali 615 na Najeriya ne, 603 na Ghana, ko da yake wannan ba ya nufin a ƙasar aka sarrafa kayan. Na tsakiya suna nuna kamfani da nau'in kayan. Na ƙarshe kuwa alƙalamin tantancewa ne, wanda ake samu ta hanyar ninka alƙalumman da suka gabata da 1 da 3 bi da bi, a tara su, a ga abin da zai cike jimlar ta zama ninkin 10. Idan na'ura ta yi kuskuren karanta alƙalami ɗaya, lissafin ba zai daidaita ba, sai ta ƙi karɓa. Babu sunan kaya a cikin layukan, babu farashi, babu abin da aka haɗa shi da shi, babu ranar da wa'adinsa zai ƙare. Lambar kamar ta motar haya take: tana bambanta wannan motar da sauran, amma sai an je ofishin da ke riƙe da rajista kafin a san mai ita. Don haka kowace manhajar da ke yi wa makaho wannan hidima aiki uku take yi a jere: ta nemo lambar a jikin kayan, ta karanta ta, sa'annan ta tambayi rumbun bayanai, wato babban kundin kwamfuta da aka jera lambobi da bayanansu, ta furta amsar da murya.

Na'urorin farko da aka yi musamman domin makafi, irin su i.d. mate na kamfanin En-Vision America, sun haɗa na'urar karatu mai hasken leza da rumbun bayanai na miliyoyin kaya a cikin akwati ɗaya da ake ratayawa, suna kuma ba mai su damar naɗar muryarsa a kan duk lambar da rumbun bai sani ba. Sun yi aiki da kyau, amma kuɗinsu ya haura dala dubu, abin da ya taƙaita su ga masu hali ko waɗanda wata hukuma ke saya wa. A jami'o'i ma an yi gwaje-gwaje, kamar aikin Trinetra na Jami'ar Carnegie Mellon a tsakiyar shekarun 2000, wanda ya haɗa ƙaramar na'urar karatu da wayar hannu domin makaho ya yi sayayya shi kaɗai. Babban sauyi ya zo ne a 2009, lokacin da kamfanin Apple ya sa VoiceOver a cikin iPhone, wato manhajar da ke karanta wa mutum duk abin da yatsansa ya taɓa a fuskar waya, wayoyin Android kuma suka samu TalkBack mai irin wannan aiki. Daga nan kyamarar waya ta maye gurbin leza, manhajoji irin su Digit-Eyes suka fito, sai Seeing AI na Microsoft a 2017, wanda injiniya makaho Saqib Shaikh na cikin jagororin gina shi, ya kuma iso Android a ƙarshen 2023, sai Lookout na Google a 2019, wanda aka ƙara wa sashen gane kayan abinci a 2020. Waɗannan biyun na ƙarshe kyauta ake sauke su.

Wahalar da mai ido ba ya hasashe ita ce ta farko a jerin, wato nemo inda lambar take. An buga ta ne da tawada a kan shafaffen kwali, yatsa ba ya jin ta, kuma babu doka da ta ƙayyade mata wuri guda, ko da yake gogaggun masu amfani da manhajojin sun san cewa a kwali galibi tana baya ko gindi, a gwangwani kuma kusa da inda takardar ta haɗu. Na'urar leza tana watsa layukan haske ta fuskoki da yawa a lokaci guda, shi ya sa ya isa a riƙa jujjuya kayan a gabanta har ta yi ƙara. Kyamara kuwa tana bukatar lambar ta shigo cikin hoton gaba ɗayanta, a tazarar da ta dace, hannu bai girgiza ba, haske kuma ya wadata, alhali wanda ke riƙe da wayar mai yiwuwa bai san ko fitilar ɗakin a kunne take ba. Masu bincike a cibiyar Smith-Kettlewell da ke San Faransisko sun yi aiki a kan wannan matsala, inda suka koya wa manhaja ta gane alamun layuka tun daga nesa, tun kafin su karantu, sa'annan ta ja hannun mutum zuwa gare su da sauti. Seeing AI ma haka yake yi: yana ƙara saurin ƙararrawarsa gwargwadon kusantar kyamara da lambar. Duk da haka, ledar da ta yamutse, da gwangwani mai ƙyalli, da kwalbar da ta fito daga firji da raɓa a jikinta, da ƙaramar kwalba mai lanƙwasa sosai, suna iya cinye mintuna, kuma abin da ake iya jurewa a gida kan kaya biyar ba a iya jure shi a kanti mai dubban kaya. Gaskiyar da ya kamata a faɗa ita ce lambar zane ta gargajiya tana amsa tambayar abin da ke hannu, amma ba ta taimaka wajen nemo abin da ake so a kan kanta.

Wahala ta biyu ta fi zurfi, domin ba ta injiniya ba ce kaɗai, ta shafi wanda ya mallaki bayanin. GS1 tana raba lambobi, amma cikakken bayanin kowane kaya yana hannun kamfanin da ya yi shi, da manyan kantuna, da kamfanonin da ke tara bayanai su sayar, kuma masu gina manhaja sai sun saya ko sun tattaro daga wurare daban-daban. Sakamakon haka rumbunan sun cika da kayan Amurka da Yammacin Turai, sun kuma yi ƙaranci a kayan ƙananan masana'antu da na ƙasashen da kasuwarsu ba ta ja hankalin masu tara bayanai ba, ta yadda manhaja za ta karanta lambar daidai, sa'annan ta ce ba ta san kayan ba. Akwai ƙoƙarin gayya, wanda ya fi shahara shi ne Open Food Facts da Stéphane Gigandet ya kafa a Faransa a 2012, inda masu sa kai ke ɗaukar hoton kaya su shigar da bayanansa kowa ya amfana kyauta, kuma kayan da ke cikinsa sun haura miliyan uku, amma shi ma yawansa na bin inda masu sa kan suke. Akwai kuma lambobin da ba su da ma'ana a wajen kantin da ya buga su, kamar masu farawa da 20 zuwa 29, waɗanda aka keɓe domin kayan da ake aunawa a cikin kanti, irin su nama da cuku. Abin da ya fi rashin amsa haɗari shi ne amsar da ta tsufa: idan kamfani ya sauya abin da yake haɗa biskit da shi, rumbun bai sabunta ba, mai ciwon suga, ko wanda jikinsa ba ya jituwa da gyaɗa, ko Musulmin da ke guje wa sinadarin da aka samo daga alade, zai ji tsohon bayani da murya mai cike da tabbaci, kuma ba shi da idon da zai gwada shi da abin da ke rubuce.

Ranar ƙarewar wa'adi ita ce babban abin da tsohuwar lambar ba za ta taɓa iya bayarwa ba, saboda lamba ɗaya ce ke jikin duk kwalayen kaya iri ɗaya, na bara da na bana. Maganin wannan yana cikin lambobi masu murabba'i, waɗanda ke ajiye bayani a tsaye da kwance. Mafi shahara ita ce QR, wadda Masahiro Hara da abokan aikinsa suka ƙirƙiro a kamfanin Denso Wave na Japan a 1994, tana iya ɗaukar haruffa sama da 4,000, kuma an gina ta yadda za ta karantu ko da wani sashenta ya lalace. 'Yar'uwarta DataMatrix ita ce Tarayyar Turai ta wajabta a jikin yawancin magungunan da likita ke rubutawa tun daga Fabrairun 2019, kuma tana ɗauke da lambar kaya da lambar rukunin da aka sarrafa tare da ranar ƙarewar wa'adi da lambar kwalin shi kaɗai. An yi dokar ne domin yaƙi da jabun magunguna, amma bayanin na nan a cikin alamar kanta, duk manhajar da aka koya wa za ta iya furta shi ba tare da intanet ba. GS1 ta sa ƙarshen 2027 a matsayin lokacin da take fatan na'urorin kantuna za su iya karɓar irin waɗannan lambobi, kuma idan masana'antun abinci suka bi sahu suna sa ranar wa'adi a ciki, makafi za su samu abin da suka fi tambayar masu ido a kai.

An kuma fara yin alamu da aka tsara domin makafi tun daga tushe. NaviLens, wadda kamfanin Neosistec na Sifaniya ya samar tare da Jami'ar Alicante, alama ce mai launuka da waya ke iya hangowa daga nesa, ko a karkace, ko hannu na motsi, ta kuma faɗi tazara da ɓangaren da take. An fara amfani da ita a tashoshin sufuri, kamar na Basalona, sa'annan a Oktoban 2020 kamfanin Kellogg's ya gwada ta a kwalayen Coco Pops a Birtaniya tare da RNIB, babbar ƙungiyar makafi ta ƙasar, kafin ya faɗaɗa ta zuwa kayansa na Turai a 2022. Unilever ma ya sa wata QR da aka ƙara wa alamu a gefe, ta kamfanin Zappar, a jikin sabulun wanki na Persil a 2023. Waɗannan sun warware matsalar nema, kuma bayanin daga masana'anta yake fitowa kai tsaye, amma sun dogara ga ganin damar kamfani, kowace kuma mallakar wani kamfani ce da ake biya, saboda haka akwai fargabar a wayi gari makaho na bukatar manhaja uku ko huɗu kafin ya gama kanta ɗaya. Ƙarfin tsohuwar lambar shi ne kowa ya yarda da ita, kuma sabuwar da ba ta samu wannan yarda ba za ta tsaya a kan kayan manyan kamfanoni kaɗan.

A gefe guda kuma ƙirƙirarriyar basira, wato manhajojin da aka horar da ɗimbin hotuna da rubuce-rubuce har suke iya bayyana abin da kyamara ta gani, ta sa wasu na ganin zamanin lambar zane ya wuce. Be My Eyes, wadda Hans Jørgen Wiberg ya assasa a Denmak aka ƙaddamar a 2015, ta fara ne da haɗa makaho da mai sa kai ta kiran bidiyo, a 2023 kuma ta ƙara sashen da kwamfuta ce ke duba hoton ta yi bayani. Wannan hanya ba ta bukatar rumbu ya san kayan, tana karanta duk abin da aka rubuta, har ranar wa'adi idan ta fito a hoton. Sai dai kintace take yi, kuma idan rubutu ya dushe tana iya cike gurbin da abin da ya yi kama da gaskiya, alhali lambar zane, saboda alƙalamin tantancewarta, ko ta karantu daidai ko ta ƙi. A kan kwalin shayi bambancin ba shi da nauyi, amma a kan magungunan da sunayensu ke kama da juna, ko magani ɗaya mai ƙarfi biyu, yana da shi ƙwarai, shi ya sa hanyoyin biyu suka fi amfani a haɗe.

Idan aka kawo batun ƙasar Hausa, bukatar ta fi yawa, kayan aikin kuma sun fi rauni. Binciken makanta na ƙasa da aka gudanar a Najeriya tsakanin 2005 da 2007 ya gano cewa kashi 4.2 cikin ɗari na 'yan shekara 40 zuwa sama makafi ne, kimanin mutum miliyan 1.13, cewa yanar ido ce babban sanadi, kuma shiyyar Arewa maso Gabas ce ta fi kowace yawan masu lalurar. Amma yawancin sayayya a Kano ko Maraɗi da mudu da kwano da ludayi ake yin ta, suga da garin sabulu a ƙulle a leda suke zuwa, magani kuma sau da yawa a kati ake yanko shi daga kwalin da lambar ke jiki. Mafi muni shi ne kwalbar da aka sake amfani da ita: gorar ruwa ko ta lemo da aka zuba wa man gyaɗa, ko zoɓo, ko kananzir, tana nan da lambarta ta asali, kuma manhaja za ta ce ruwan sha ne. Mai jabu shi ma yana kwafe lambar tare da sauran zanen kwalin, don haka karantuwar lamba ba shaidar inganci ba ce. Tsarin da NAFDAC, hukumar kula da abinci da magunguna ta Najeriya, ta fara a 2010, na kankare wani wuri a jikin magani a tura lambar da ta bayyana ta saƙon waya, yana taimaka wa masu ido, amma makaho sai an karanta masa lambar. Ga kuma tsadar wayar da kyamararta ke da kyau, da kuɗin data, da matsalar harshe, tunda bayanin rumbu da harshen da aka buga a kwali yake zuwa, Ingilishi a Najeriya, Faransanci a Nijar, yayin da tsohon da yana ta rufe wa ido mai yiwuwa Hausa kaɗai yake ji.

A irin wannan yanayi, sashen fasahar da ya fi dacewa shi ne wanda aka fi rainawa, wato alamun da mutum ke liƙawa da kansa. PenFriend na RNIB na'ura ce mai kamar alƙalami wadda ake ɗora bakinta a kan ƙaramar takarda mai gam, a naɗi murya, duk lokacin da aka sake taɓa takardar kuma ta maimaita abin da aka faɗa, wasu manhajojin waya ma suna yin haka da QR da aka buga a takarda. Wannan ba ya bukatar intanet ko rumbun wani kamfani, ana iya liƙa shi a kan gorar da aka sauya wa aiki ko ledar magani, bayanin kuma da Hausa zai fito, da muryar ɗa ko jika ko mai kemis, sau ɗaya kawai ake bukatar mai ido maimakon kullum. Ga kayan masana'anta kuwa, aikin na hukumomi ne. Najeriya ta sa hannu kan dokar hana nuna wariya ga masu bukata ta musamman a Janairun 2019, yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2006 kan haƙƙoƙinsu ta ambaci samun bayanai a cikin abubuwan da dole a sauƙaƙa, NAFDAC kuma ta ɗauki ƙa'idojin GS1 a shirinta na bin sawun magunguna. Tunda kowane abinci da magani da aka yi wa rajista sai an miƙa wa hukumar sunansa da abin da ya ƙunsa, haɗa wannan bayani da lambar zanen kayan, a buɗe shi ga masu gina manhaja, a kuma fassara muhimman sassansa zuwa Hausa da sauran manyan harsunan ƙasar, aiki ne da ba ya bukatar sabuwar ƙirƙira, kuma ƙungiyoyin makafi suna da hurumin da doka ta ba su na neman a yi shi.